Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Gidajen Yarin Kanada: Ku Sakar Wa Matan 'Yan Asalin Ƙasa Ragamar Warakarsu

Zuwa ga Kwamishinan Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta Kanada,
da Ministan Tsaron Jama'a,
Ottawa.

Ranku ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, a shekarar 2022 ofishin Mai Binciken Gidajen Yari, wanda doka ta ɗora wa alhakin sa muku ido, ya bayyana cewa rabin matan da ke tsare a gidajen yarin tarayya 'yan asalin ƙasar nan ne, wato matan Ƙabilun Farko da Metis da Inuwit. A waje kuwa, idan aka jera matan Kanada ashirin, ɗaya ce kacal za ta fito daga cikinsu. Kun fi ni sanin wannan lissafi, domin daga kundinku aka ciro shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin amsar da kuke bayarwa duk lokacin da aka tayar da zancen. Sai a fito da rahoto mai sheƙi, da hoton ganga da gashin gaggafa a bangonsa, a yi ta nanata “waraka” da “juriya” da “sulhu”. Shekara ta zagayo, adadin bai sauka ba. Mun sha jin gafara sa, har yau ba mu ga ƙaho ba.

Ni baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. A Arewacin Nijeriya aka haife ni, a Winnipeg nake zaune, kuma rantsuwar zama 'yar ƙasa da na yi ita ce wadda aka gyara a 2021, aka sa a ciki cewa zan kiyaye tsarin mulkin da ya amince da haƙƙoƙin 'yan asalin ƙasa da yarjejeniyoyin da aka ƙulla da kakanninsu. A inda na fito ba a wasa da rantsuwa. Ga shi kuma da harajinmu ake biyan kuɗin ƙofofin da kuke kullewa. Na rubuta da Hausa ne don 'yan'uwana na nan da na gida su ma su ji, saboda da yawa cikin sababbin zuwa tun ba su gama kwance kaya ba suke koyon kallon matan da ke zaune a bakin titin Main da idon raini. Sai ka ji ana cewa mashaya ne, malalata ne, komai kyauta gwamnati ke ba su. Ba mai tsayawa ya tambayi yadda aka yi masu gida suka koma kwana a bakin titi.

Yadda aka yi ɗin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Yara wajen dubu 150 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana, gwamnati na biya coci-coci na gudanarwa, inda ake dukan yaro don ya yi magana da harshen uwarsa. Sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Dokar Indiyawa ta 1876, wato dokar da gwamnati ke mulkin Ƙabilun Farko da ita, ta ce macen da ta auri bare ta rasa matsayinta na 'yar ƙabila, ita da 'ya'yanta, alhali namijin da ya auro baturiya sai ma matar ta samu matsayin. Ba a taɓa wannan ba sai 1985, bayan Sandra Lovelace ta kai ƙarar Kanada gaban kwamitin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi nasara a 1981. Daga shekarun 1960 ma'aikatan jin daɗin jama'a suka shiga kwashe yara suna ba iyalan turawa riƙo, kuma wannan bai zama tarihi ba tukuna: ƙidayar 2021 ta nuna fiye da rabin yaran da ke hannun riƙo 'yan asalin ƙasa ne, alhali ba su kai kashi 8 cikin ɗari na yaran ƙasar ba. Matar da ke kwance yau a sashen tsaro mai tsanani na gidan yarin mata na Edmonton, sau da yawa za ka tarar kakarta ta yi makarantar kwana, uwarta ta tashi a gidan riƙo, ita ma ta zaga gidajen riƙo, 'yarta kuma tana hannun hukuma yanzu haka. Wannan hukuma ta miƙa wa waccan, ku ne na ƙarshe a layin.

Inda nake son mu ɗan daɗe shi ne asalin warakar nan da kuke tallatawa, domin mai karanta rahotanninku zai zaci a ofis aka haife ta. A kurkukun mata na Kingston aka haife ta, wanda aka buɗe a 1934, kuma shekaru aru-aru shi kaɗai ne gidan yarin mata na tarayya a duk faɗin ƙasar. Macen da aka yanke wa shekara biyu ko fiye, ko daga arewacin Saskatchewan take ko daga gaɓar tekun Fasifik, sai a ɗauko ta a kawo ta Ontario, nisan dubban kilomita daga 'ya'yanta. A farkon shekarun 1970 matan 'yan asalin ƙasa da ke ciki suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar 'yan'uwantaka. Su suka yi ta naci har aka bar dattawa suka riƙa shigowa, aka bar su su buga ganga, su yi turaren ganyayensu, su kafa bukkar surace a harabar kurkuku. Wata ta shigo ba ta san ko gaisuwa da harshen ƙabilarta ta Cree ba saboda a gidan turawa ta girma, sai a bayan katanga ta fara jin waƙar kakanninta daga bakin wata fursuna. Abin kunya ne ga ƙasa a ce sai a kurkuku 'ya ta gane ko ita wace ce, amma haka aka yi, kuma matan ne suka yi wa junansu wannan aiki.

Tsakanin ƙarshen 1988 da 1991 mata bakwai suka kashe kansu a wannan gida, shida daga ciki 'yan asalin ƙasa. Cikin wannan zaman makoki kwamitin gwamnati ya fitar da rahotonsa na 1990 kan matan da ke ɗaurin tarayya. Mata biyu da su kansu suka ɗanɗana zaman kurkuku, Fran Sugar da Lana Fox, suka zauna da 'yan'uwansu 39 suka rubuta labarinsu, 27 daga ciki suka ba da labarin duka ko fyaɗe ko ganin tashin hankali tun suna yara. Ba sai na ari bakinsu na ci musu albasa ba, don sun faɗi abin da suke so ƙarara: a rufe Kingston, a mayar da su kusa da gida, a gina wurin da dattawansu da al'ummarsu za su riƙe su. Gwamnati ta ce ta amince.

Kafin a rufe ƙofar kuwa sai da aka yi abin da aka yi ran 26 ga Afrilu, 1994. Bayan 'yan kwanaki ana zaman ɗar-ɗar tsakanin wasu fursunoni da gandirobobi, aka kirawo rundunar kwantar da tarzoma, maza zalla, daga kurkukun maza da ke maƙwabtaka. Suka shiga ɗakunan kaɗaici da dare, sanye da kwalkwali, riƙe da garkuwa da kulake. Mata takwas suka bi ɗaya bayan ɗaya, aka tuɓe su, wadda ba ta cire da hannunta ba aka yanke tufafin a jikinta, aka sa musu ankwa da mari, aka bar su da 'yar rigar takarda a kan siminti. Hukumarku ce da kanta ta ɗauki bidiyon. Da gidan talabijin na ƙasa ya nuna shi a 1995, kowa ya ga abin da binciken cikin gida ya lulluɓe. Mai Shari'a Louise Arbour ta bincika, a 1996 ta ce abin da aka yi rashin imani ne da wulaƙanci, kuma bin doka bai zauna a jikin hukumar ba. Duk da haka sai a 2000 mace ta ƙarshe ta fita daga Kingston.

Abu mai kyau da wannan gwagwarmaya ta haifa shi ne gidan waraka na Okimaw Ohci, wanda aka buɗe a 1995 a ƙasar ƙabilar Nekaneet, kusa da garin Maple Creek a kudu maso yammacin Saskatchewan. Mutanen Nekaneet su ne suka ƙi tashi daga tsaunukan Cypress a shekarun 1880, lokacin da gwamnati ta yi amfani da yunwa ta kora sauran Cree zuwa arewa. Suka zauna shekaru ba fili ba tallafi, sai a 1913 aka yanka musu ɗan wuri. Ko a zamanin da doka ta haramta bukukuwan ibadarsu, wanda bai ƙare ba sai 1951, ba su yar da su ba. Waɗannan mutane, da suka san yadda ake riƙe abu ana ƙoƙarin ƙwacewa, su suka ce a kawo musu matan nan.

Wurin ba katanga, ba waya mai ƙaya. Gadaje wajen sittin ne a cikin ƙananan gidaje tsakanin itatuwa. Shugabar gidan “uwarmu” ake ce mata da harshen Cree, ma'aikatan da ke kula da matan kuma “yayye”. Ana zama a da'ira a ɗakin ibada, a kunna busasshen ganye mai ƙamshi, kowace ta janyo hayaƙin da tafin hannu ta shafa a ka da fuska da ƙirji, dattijuwa ta yi addu'a, sannan a zaga. Mai magana ta yi, ba mai katse ta. Bukkar suracen kuwa da ɗanyun rassa ake lanƙwasa ta, a rufe da barguna har ciki ya yi duhu ƙirin. A gasa duwatsu a wuta har su yi ja, a shigo da su tsakiya, a saki ƙofa, a zuba musu ruwa. Zagaye huɗu ake yi ana waƙa ana addu'a, tsakanin kowane zagaye a ɗaga ƙofa iska ta shigo. Sau da yawa a cikin wannan duhu da zafi ne bakin mace ke fara buɗewa kan abin da aka yi mata tana 'yar shekara bakwai, abin da ba za ta faɗa wa jami'i mai riƙe da fayil ba, domin ta san duk abin da ya shiga fayil zai fito ranar da ta tsaya neman sakin talala. Akwai kuma dawakai, waɗanda mutanen Nekaneet ke koya wa matan hulɗa da su. Macen da tun tana ƙarama hannu bai taɓa kusantar ta da alheri ba, sai ga ta tana koyon tunkarar dabbar da ta fi ta ƙarfi a hankali, ba tsawa ba bulala, har dokin ya yarda da ita.

Ni Musulma ce, wannan ba hanyar ibadata ba ce. Amma na san abin da zai same ni in aka kulle ni shekara biyar aka raba ni da alwala da salla, aka miƙo mini takardar darasin danne fushi aka ce in cike. Duk wanda ya san daɗin addininsa bai kamata gane wannan ya yi masa wuya ba.

To ina gizo ke saƙar? Wurin mai riƙe da makulli da mai riƙe da lalita. Matan da dattawan da suka tsara Okimaw Ohci sun yi shi ne da fatan wata rana ya koma hannun al'umma. Shekara talatin ke nan yana hannunku. Ku ke ɗaukar ma'aikata, ku ke rubuta ƙa'ida, dattijo kuma ɗan kwangila ne da za a iya ƙin sabunta masa takarda. Alhali dokarku ta 1992 ta buɗe ƙofa. Sashe na 81 ya ba Minista damar ƙulla yarjejeniya da al'ummar 'yan asalin ƙasa ta karɓi fursuna ta riƙe shi a wurinta, sashe na 84 kuma ya ba al'umma damar tsara yadda za ta karɓi 'yarta idan ta fito. Sai da aka yi kusan shekara ashirin kafin mata su samu gida ko ɗaya a ƙarƙashin sashe na 81, wato Buffalo Sage da ke Edmonton, a 2011. Na biyu, gidan Eagle da ke nan Winnipeg, sai 2019. Kowannensu gadajensa ba su wuce talatin ba, matan 'yan asalin ƙasa da ke tsare kuwa sun kusa 300 tun a 2022. Abin takaici, ko waɗannan 'yan gadajen ba kullum ake cika su ba.

A 2023 Mai Binciken Gidajen Yari ya waiwayi rahoton da ofishinsa ya fitar shekara goma baya don ya ga abin da ya canza. Ya tarar gidajen da al'umma ke gudanarwa suna samun kimanin santi 62 ne a kan kowace dala ɗaya da gidajen waraka na hukumarku ke samu. Ma'aikatansu na karɓar abin da bai kai na naku ba a kan aiki iri ɗaya, sai su ƙware su tsallako wurinku. Yarjejeniyarsu ta 'yan shekaru ce, ba su san ko za a sabunta ba, balle su yi dogon shiri. An yi musu riƙon sakainar kashi, sannan a juya a ce al'ummomin ba su da ƙarfin ɗaukar nauyi. Kuɗin tsare mace ɗaya a gidan yarin tarayya ya haura dala dubu 200 a shekara, saboda haka kada a ce mana babu kuɗi.

Gidajen uku kuma duk a lardunan tsakiyar yamma suke. Macen Mi'kmaq daga Nova Scotia, ko ta Inuwit daga Nunavut inda babu gidan yarin tarayya ko ɗaya, in tana son waraka sai ta yarda ta ƙara nisa da 'ya'yanta, ta je ta zauna cikin al'adar da ba tata ba. Al'ummomin Ƙabilun Farko sun haura 600, harsunan 'yan asalin ƙasa sun haura 70, kuma bukkar surace ma ba al'adar Inuwit ba ce.

Sai babbar katangar da ido ba ya gani, wato takardar auna haɗari. Gidan waraka ba ya karɓar wadda aka sa a matakin tsaro mai tsanani. Me ke kai ta can? Ma'aunin da aka ƙera a ƙarshen shekarun 1980 bisa bayanan fursunoni maza. Ku zo mu cike shi tare. Shekarunta nawa da aka yanke mata hukunci? Yarinya ce, maki ya hau. Tana da tsayayyen wurin zama da aiki da iyali kafin a kama ta? Yarinyar da aka yi ta yawo da ita daga gidan riƙo zuwa gidan riƙo, ta cika 18 aka sallame ta da kayanta a baƙar leda, ina ta ga tsayayyen wuri? Maki ya hau. Tana shaye-shaye? Tun tana 13, don ta samu ta yi barci. Maki ya hau. Ta taɓa karya sharaɗin beli? An ce kada ta sha, kada ta taka unguwar da ita kaɗai ta sani a duniya, ta taka. Maki ya hau. Aka tara, lissafi ya ce mai haɗari ce. Duk abin da ƙasa ta yi mata an juye shi a takarda ya koma laifinta. Babbar Mai Binciken Kuɗi ta ƙasa ta duba wannan a 2022, ta ga ana kai matan 'yan asalin ƙasa sashen tsaro mai tsanani fiye da ninki uku na sauran mata. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar Ewert ta 2018, ta ce hukumarku ta saɓa wa dokar da ta kafa ta, da ta ci gaba da amfani da wasu ma'aunai a kan fursunoni 'yan asalin ƙasa ba tare da ta tabbatar suna faɗin gaskiya a kansu ba. Ta haka wadda ciwonta ya fi zurfi ita ce ta fi kowa nisa da magani. Can ciki kuma binciken tsirara yana nan, kuma ba sai an yi muku bayanin abin da yake tayarwa a zuciyar macen da aka taɓa yi wa fyaɗe ba.

Na san abin da za a ce, don an faɗe shi da ƙarfi a 2018, lokacin da aka ji an mayar da wata mata mai ɗaurin rai-da-rai kan kisan yarinya 'yar shekara takwas zuwa Okimaw Ohci. Mahaifin yarinyar ya fito, jama'a suka fusata, majalisa ta ɗau zafi, cikin 'yan makonni aka mayar da matar kurkuku aka tsaurara ƙa'idar shiga. Ban ga laifin uban ba ko kaɗan. Wanda aka kashe wa 'ya yana da haƙƙin ya yi kuka duniya ta ji. Wasu cikin matan da nake magana a kansu sun yi kisa, sun raunata mutane, sun sayar da ƙwayar da ta hallaka 'ya'yan wasu, kuma sau da yawa waɗanda suka cuta ɗin danginsu ne. Gidan waraka ba ya shafe wannan. Hasali ma mutum ya zauna a da'ira ya faɗi abin da ya aikata a gaban dattawan da suka san gidansu ya fi zaman shiru a ɗaki wuya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne saurinku. Shari'a ɗaya ta sa kun canza ƙa'ida kafin wata biyu, ga rahoton 1990 da na 1996 da na Hukumar Gaskiya da Sulhu na 2015 da na binciken matan da aka kashe ko suka ɓata na 2019 jibge suna jira. Ashe in kun ga dama kuna iyawa.

Ban manta ba cewa alƙalai ne ke aiko muku da su. Jamie Gladue tana 'yar shekara 19, da cikin wata biyar, ta daɓa wa mutumin da za ta aura wuƙa a Nanaimo a 1995. Alƙalin farko ya ce tunda a birni take zaune, asalinta bai shafi hukunci ba. A 1999 Kotun Ƙoli ta ce ya yi kuskure, dole alƙali ya dubi tarihin da ya kawo ɗan asalin ƙasa gabansa, ya kuma nemi wata hanya kafin ɗauri. A lokacin 'yan asalin ƙasa kashi 12 cikin ɗari ne na fursunonin tarayya, kotu ta ce abin ya kai intaha. Yau sun kusa kashi ɗaya bisa uku. Cheyenne Sharma kuma, 'yar shekara 20, jikar wadda ta yi makarantar kwana, tana fama da 'yarta ita kaɗai ana shirin korar ta daga gidan haya, ta yarda ta ɗauko hodar iblis kusan kilo biyu a jirgi. A 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce dokar da ta hana a yi mata ɗaurin talala a gida ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, kwanaki kaɗan bayan haka majalisa ta sassauta dokar. Wannan na alƙalai da 'yan majalisa ne. Amma daga ranar da mota ta sauke mace a ƙofarku, komai naku ne: matakin tsaronta, inda za ta kwana, ko za ta ga ɗanta, ko za a shirya ta ta nemi sakin talala a kan lokaci. Shirin da ke barin uwa ta zauna da jaririnta yana nan a takarda, amma shi ma ba ya karɓar ta sashen tsaro mai tsanani, kuma sai da yardar hukumar kula da yara, wadda wataƙila ita ce ta ɗauke uwar daga tata uwar.

Juriya kuwa, wallahi suna da ita. Odelia da Nerissa Quewezance, ya da ƙanwa daga ƙabilar Keeseekoose, an yanke musu ɗaurin rai-da-rai a 1994 kan kisan wani manomi kusa da Kamsack, alhali wani ɗan'uwansu, wanda yaro ne a lokacin, ya sha faɗin cewa shi ya yi kisan. Kusan shekara talatin suna cewa ba su yi ba, a cikin tsarin da ke ɗaukar ƙin amsa laifi a matsayin rashin nadama. Sai a 2023 kotu ta ba da belinsu, yayin da ma'aikatar shari'a ke sake duba lamarin. A 2022 Sanata Kim Pate da wasu abokan aikinta sun fitar da rahoto kan mata 12 irinsu da suka ce a sake duba hukuncinsu. Ba mai musun ƙarfin zuciyar waɗannan mata. Sai dai yabon juriya ya dace ne a bakin 'yan'uwansu. In ya fito daga bakin mai riƙe da makulli, ya yi kama da “sannu da haƙuri” daga wanda ya taka maka ƙafa bai ɗaga ba. Mu matan Hausa mun san wannan, domin a gidajenmu ma mace ake yawan ba haƙuri, ba a cika tambayar mai ba ta wahala ba.

Hukumar Gaskiya da Sulhu, wadda ta binciki lamarin makarantun kwana, ta ba da shawarwari 94 a 2015. Ta 30 ta ba gwamnatoci shekara goma su kawar da wannan cunkoson 'yan asalin ƙasa a gidajen yari, ta 35 ta ce a cire shingayen da ke hana buɗe ƙarin gidajen waraka. Wa'adin ya cika a 2025. Binciken ƙasa kan matan 'yan asalin ƙasa da aka kashe ko suka ɓata, wanda a 2019 ya kira abin da aka yi musu kisan ƙare dangi, ya kawo buƙatu 231, wasu kai tsaye gare ku. A 2023 kun naɗa mataimakiyar kwamishina mai kula da fursunoni 'yan asalin ƙasa, madalla, an daɗe ana roƙon haka. Amma kujera ce a Ottawa, ba ta ƙara gado ko ɗaya a Nunavut ba.

Saboda haka ga roƙona. Ku zauna da mutanen Nekaneet kan miƙa musu Okimaw Ohci, in suna so, bisa sharuɗɗan da suka yarda da su, tare da kuɗinsa gaba ɗaya. Gidajen sashe na 81 a biya su dala cikakkiya, da yarjejeniya mai tsawo da za ta bar su su riƙe ma'aikatansu, kuma duk al'ummar gabas ko arewa ko gaɓar Fasifik da ta ce za ta karɓi 'ya'yanta mata a ba ta kuɗin gini. Ma'aunin haɗarin nan a jingine shi daga kan matan 'yan asalin ƙasa har sai an yi sabo tare da dattawa da matan da suka taɓa zama a ciki. Wannan shi na fi matsa muku a kai, don muddin yana nan, ko gidaje goma kuka gina gadajensu za su kwana babu kowa. A bar gidan waraka da kansa ya duba mace, ko wane mataki kuka ba ta, ya ce zai iya riƙe ta ko ba zai iya ba.

Kuma kowace shekara ku buga mana a fili: mata nawa suka nemi zuwa gidan waraka, nawa aka hana, da wane dalili, gado nawa ya kwana babu kowa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar doka ko sabon kwamiti. Sashe na 81 yana nan tun 1992, sa hannun Minista yake jira, da layi ɗaya a kasafin kuɗin bana.

Ku huta lafiya.

Taku,
Wata 'yar Kanada, haifaffiyar Arewacin Nijeriya,
Winnipeg, Manitoba.